Yadda za ka shiga birnin Delhi da ɗan guzuri ba tare da an wanke ka ba

Mutanenmu da yawa na zuwa Indiya, wasu neman lafiya, wasu sarin kaya, wasu karatu. Akasari a Delhi ake fara sauka, birnin da idan aka haɗa shi da garuruwan da ke manne da shi ya haura mutum miliyan 30. Abinci da abin hawa suna da araha a can. Inda kuɗin baƙo ke zurarewa shi ne sa'o'in farko, lokacin da ya sauko daga jirgi a gajiye, bai san gabas ba bai san yamma ba. Don haka yawancin aikin tun daga gida ake gama shi.

Kafin ka tashi

Bayan biza, ka tabbatar katin rigakafin shawara yana hannunka. Duk wanda ya fito daga Najeriya ko Nijar ba shi da shi, ana iya killace shi har kwana shida. Ka riƙe dala a hannu, kada ka dogara da katin bankin gida kaɗai. Idan tsabar kuɗin ta wuce dala 5,000 sai ka bayyana wa jami'an kwastan. Kuma don Allah kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, komai ƙanƙantarsa.

Lokacin tafiya ma abin dubawa ne. A watan Mayu da Yuni zafi kan kai digiri 45. Daga Yuli zuwa Satumba damina ce. A Nuwamba hayaƙi kan turnuƙe garin har mai asma ya sha wuya, Disamba da Janairu kuma sanyi ne da hazo mai jinkirta jirage. Fabrairu, Maris da Oktoba sun fi daɗin yawo.

Ka kama ɗakin kwana biyun farko ta intanet, ka rubuta wa otal ɗin ka tambaye su ƙarara ko suna karɓar baƙi 'yan ƙasar waje. Doka ta wajabta musu cike takardar rajistar baƙo, wasu ƙananan otal kuma ba sa son wannan ɗawainiyar, sai su mayar da mutum daga bakin ƙofa da tsakar dare.

Daga filin jirgi zuwa masauki

A filin jirgin Indira Gandhi ka canza kuɗi kaɗan kawai, domin farashin cikin gari ya fi kyau. Ka sayi layin waya a nan da fasfo ɗinka, Airtel ko Jio. Sannan ka bi alamar jirgin ƙasa na Airport Express, wanda zai kai ka tashar New Delhi cikin kimanin minti 20 a kan kuɗin da bai kai rufi 100 ba (rufi shi ne kuɗin Indiya). Ƙetaren babbar tashar jirgin ƙasa akwai unguwar Paharganj, matattarar otal masu araha. Hayaniya gare ta da ƙazanta, amma tana tsakiyar gari. Ka nemi a nuna maka ɗakin kafin ka biya sauran kwanaki, ka buɗe famfo, ka gwada makulli.

A nan ne ake yi wa baƙi tsohuwar damfara. Wani mai fara'a zai tare ka ya ce otal ɗinka ya ƙone, ko an rufe unguwar saboda tarzoma, ko an tashi ofishin sayar da tikiti. Daga nan sai ya kai ka wani shago mai kama da ofishin gwamnati, a ɗora maka mota da otal masu tsada. Kada ka tsaya musu da shi. Ka ce "nahi chahiye", wato ba na so, ka ci gaba da tafiya, ka kira otal ɗin da kanka. Ofishin yawon buɗe ido na gwamnatin Indiya yana lamba 88 a titin Janpath.

Zirga-zirga

Jirgin ƙasa na cikin gari, wanda ya fara aiki a 2002, shi ne gatan mai ƙaramin ƙarfi. Akwai sanyi, akwai tsafta, kuɗinsa a rubuce yake, babu ciniki. Ka sayi katin da ake zuba wa kuɗi don ka huta da bin layi. An ware tarago guda domin mata zalla, 'yar'uwa ki neme shi musamman safe da yamma lokacin turereniya.

Inda jirgi bai kai ba sai adaidaita sahu, irin dai na Bajaj da TVS da ake kawo mana daga can. Ka yi ciniki kafin ka shiga, ko ka duba farashi a Uber ko Ola ka san abin da ya dace. Wajen tsallaka titi ka fara duba dama, domin ta hagu suke tuƙi. Idan abin ya gagara, ka jera da 'yan gari ku tsallaka tare.

Ci da sha

Ruwan gora kaɗai za ka sha, ka duba murfin ba a taɓa buɗe shi ba. Kowane kaya na kanti yana ɗauke da farashi mai alamar MRP, ba a yarda a sayar sama da shi ba. Ka guji ƙanƙara da 'ya'yan itacen da aka riga aka yanka. Ka ci abin da aka sauke daga wuta a gabanka, a wurin da mutane suka yi layi.

Maganar halal ka ba ta muhimmanci, domin ba duk nama ne yankan Musulmi ba. Layin Matia Mahal da ke gaban masallacin Jama cike yake da gidajen abincin Musulmi, ciki har da Karim's da aka buɗe tun 1913. Haka ma unguwar Nizamuddin. An haramta yanka saniya a Delhi, don haka jan naman da za ka samu na ɓauna ne ko na akuya. A sauran wurare ka nemi ɗigon kore a cikin murabba'i, alamar abincin da babu nama a ciki. Farantin thali, mai shinkafa da gurasa da miyar dal (ta dangin wake) da kayan lambu, zai riƙe ka wuni a kuɗi kaɗan. Yajinsu da ƙarfi, ka fara da sannu.

Tsohon gari

Ka ware wuni guda cur domin tsohon Delhi, ka fita da sassafe. Sarki Shah Jahan ne ya gina masallacin Jama, aka kammala a 1656, da jan dutse da farin marmara. Ko sallah ɗaya ka yi a farfajiyarsa, tafiyar ta biya. Kusa da shi akwai jar ganuwa, Lal Qila, wadda kuɗin shigar baƙo ya ninka na ɗan ƙasa sau da yawa. Daga nan ka miƙe ta Chandni Chowk, wadda cinkosonta ya yi kama da na Kantin Kwari a jajiberin salla, har ka kai Khari Baoli, kasuwar kayan ƙamshi, inda ake sarin kanumfari da citta da barkono buhu-buhu. Ka rataya jakarka ta gaba, waya kuma ta zauna a aljihun gaba.

Wajen ciniki ka tambaya "kitna?", wato nawa ne, ka taya rabi, idan an ƙi ka juya. Sau da yawa za a kira ka. Kada ka karɓi yagaggen kuɗi a canji, domin wani ba zai karɓa a hannunka ba.

Za a kalle ka, wani lokaci kallon ƙurilla, domin baƙar fata. Mafi yawa son sani ne, amma akwai masu raini, kuma 'yan sanda kan tambayi 'yan Afirka takardu. Ka yi yawo da kwafin fasfo da biza, ka ajiye lambar 112 ta gaggawa da ta ofishin jakadancin ƙasarka a waya. Ranar ƙarewar biza kuwa ka rubuta ta inda za ka riƙa gani, ka fita kafin ta cika, domin wuce wa'adi na jawo tara da tsarewa, har da hana mutum sake shiga ƙasar.