Yadda Ake Tsufar da Ƙaramar Tankar Yaƙi da Soso, Fensir da Jar Ƙasa

Tankar roba ta wasan yaƙi a kan tebur, idan ka haɗa ta ka yi mata fenti, fes take fitowa kamar yau aka sauke ta daga kamfani. Kafin ka ɗauki burushi, leƙa tashar mota a Gusau ka ƙare wa tirela da tifa kallo. Ƙura a ƙasan jiki da bayan taya take taruwa. Fenti yana goguwa ne inda hannu da ƙafa ke yawan taɓawa, tsatsa kuma tana bin hanyar da ruwa ke gangarowa. Duk dattin da za ka sa wa tankarka, ya zama kana iya faɗin abin da ya kawo shi wurin.

Da farko, bari fentin akirilik, na kamfanin Vallejo ne ko na Tamiya, ya kwana ya bushe, sannan ka shafa banish mai sheƙi siriri. Shi zai kare fentin daga abin da ke tafe.

Na biyu, ruwan duhu. Ɗebi ɗan fentin mai na masu zane, ruwan ƙasa mai duhu, ka tsinka shi da tina marar ƙarfi har ya yi ruwa-ruwa. Kada ka kuskura ka ɗauko tinar masu fentin mota, narkar da roba take yi. Ɗiga da bakin siririn burushi a gindin kusoshi da tsagin ƙofofi, zai bi layin da kansa. Bayan minti 15 ka goge abin da ya fantsama da burushi mai ɗan danshin tina. A zafin Maris da Afrilu akirilik kan bushe tun yana kan burushi, shi ya sa na fi son fentin mai a nan: yana ba ka lokacin gyara.

Na uku, ɓantarewar fenti, kuma nan ne hannu ya fi zarcewa. Yagi guntun soson katifa, dangwala shi a baƙi-baƙin ruwan ƙasa, ka daddanna a takarda har ya kusa ƙafewa, sannan ka taɓa gefuna, matakala da bakin ƙofar sama. Yi lissafi: a sikelin 1/72, wato tankar gaske ta ninka ta wasa sau 72 a tsawo, tabo mai faɗin milimita 1 daidai yake da fiye da santimita 7 a tankar gaske. Tabo goma irin wannan a wuri ɗaya, ka mayar da ita kayan bola. Tankoki da yawa na Yaƙin Duniya na Biyu ma ba su daɗe a fagen fama har su ruɓe da tsatsa ba, don haka ka taƙaita tsatsa a salansa da sarƙar ƙafa. In kana son zubin tsatsa, ɗigo ɗaya na fentin mai, launin ruwan lemo, ya isa, ka ja shi ƙasa da burushi.

Goga fensir 2B a kan haƙoran sarƙa da bakin bindiga, ka murza da yatsa. Ƙyallin ƙarfe ke nan.

Yanzu shafa banish marar sheƙi, domin ƙura ba ta kama jiki mai santsi. Launin ƙurar ya bi inda tankar ta yi yaƙi. Ta hamadar Libiya a 1942 ƙurarta fara-fara ce, irin ta hunturu. Tankar T-34 ta yaƙin Kursk a Rasha a 1943 baƙar ƙasa ta taka. Jar ƙasarmu ta fi dacewa da motar sulke M113 ta yaƙin Biyetnam ko motar da ta bi hanyoyin Afirka ta Yamma. Yashi ya yi girma, duwatsu zai zama a wannan sikeli. Busar da ƙasar, daka ta, tankaɗe ta cikin tsumma mai laushi. In ba ka samu launin ba, kankare alli mai kala. Barbaɗa da busasshen burushi daga ƙasa zuwa sama, tana raguwa, sannan ka ɗiɗɗiga tina ta kafe ta, tunda tankar wasa hannu za ta sha.

Taɓo kuwa, kwaɓa garin ƙasar da farin gam irin Top Bond da ɗan ruwa, ka cusa tsakanin tayoyi kawai.

In runduna guda kake yi, jera su duka ka yi musu kowane mataki tare da kwaɓi ɗaya, kuma ka riƙa ajiye su nisan hannu kana dubawa, don daga nan ake ganinsu a kan tebur.