Yadda Ake Haɗa Waya a Jirgin Ruwa Don Kada Danshi Ya Shiga

Masu jirgi a dam ɗin Dadin Kowa sun san wannan tashin hankali: ana tsakiyar ruwa da dare fitila ta ɗauke, a duba batir a tarar lafiyarsa ƙalau. Galibi laifin na mahaɗar waya ne, wadda aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif. Danshi ya ratsa, jan ƙarfen ya yi kore, wuta ta daina wucewa.

Fara da sayen filayar matse kan waya (ɗan bututun ƙarfen da ake cusa waya a ciki a matse), irin mai haƙoran kulle, wadda ba ta sakin baki sai ta matse har ƙarshe. Ta fi tsada, amma ni a nan nake cewa kada a yi rowa. Filayar gama-gari lanƙwasa ƙarfen kawai take yi, ta bar rami a ciki, kuma ramin nan ne gidan ruwa. A bakin ta kirkin za ka ga ɗigo uku daidai da launin kawunan waya: ja na waya mai kaurin murabba'in milimita 0.5 zuwa 1.5, shuɗi na 1.5 zuwa 2.5, rawaya na 4 zuwa 6.

Wayar ma a zaɓa. Ta ginin gida mai sanda ɗaya karyewa take da jijjigar inji. Nemi mai silili da yawa, in da hali wadda aka shafe da kuza.

Kafin ka taɓa komai, cire kan batir na baƙar waya. Zura robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, mai gam a ciki, tun yanzu, don bayan matsewa ba lallai ta shiga ba. Fere waya daidai tsawon bututun kan, kada ka gutsure silili ko ɗaya. In ka ga jan ƙarfen ya yi baƙi, yanke gaba sai ka iske mai ƙyalli. Tura wayar cikin bututun kan, sa a bakin filayar da launinsa ya dace, matse har filaya ta saki da kanta.

Sai ka ja da ƙarfi. Wadda ta zare a hannunka, da a tsakiyar ruwa za ta zare. Yanke ka sake.

Jawo robar ta rufe mahaɗar, ka gasa daga tsakiya zuwa gefe har gam ya ɓullo ta baki biyu. Da laita ma ana yi, amma nesa da tankin fetur, kana juyawa kada ta ƙone. Ɗaure wayar a sama, inda ruwan cikin jirgi ba ya kaiwa, ka sa fis kusa da batir, sannan ka mayar da baƙar waya.