Yadda ake bin diddigin sojan da ya yi ƙaura zuwa Amurka ya samu lambar jarumta a yaƙin basasa

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sojojin Arewa a yaƙin basasar Amurka, 1861 zuwa 1865, ba a ƙasar aka haife su ba. Jamusawa da 'yan Ayalan suka fi yawa. Mai son tantance labarin ɗayansu ya fara da rundunarsa, domin suna kaɗai yakan ɓatar da mutum. Akawun soja abin da kunnensa ya ji yake rubutawa, wasu kuma da kansu suka sauya suna. Muhammad Ali ben Said, haifaffen Kukawa ta Borno, da sunan Nicholas Said za ka same shi a runduna ta 55 ta Massachusetts.

Da ka samu jiha da lambar runduna, duba rumbun sunayen sojoji na National Park Service, hukumar kula da gandaye da wuraren tarihi ta Amurka, a intanet. Kyauta ne, amma manuniya ce kawai. Ainihin takardun suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Washington. Fom NATF 86 na neman takardun aikin soja ne daga can, NATF 85 na neman na fansho. Kada ka rubuta zuwa ma'ajiyar takardun sojoji ta birnin St. Louis, na yaƙe-yaƙen baya-bayan nan ne a can.

Idan kuɗinka na guda ɗaya ne, nemi fayil ɗin fansho. A nan ake samun rantsuwar abokan yaƙi, shaidar likita, takardar aure, wani lokaci har da sunan ƙauyen da aka haifi mutumin, abin da takardun aiki ba kasafai suke faɗa ba. Duba kuma takardar zama ɗan ƙasa, tunda dokar 1862 ta sauƙaƙa wa baƙon da aka sallama daga soja da mutunci.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne kwanan wata. Ranar jarumta daban, ranar ba da lamba daban. Hubert Dilger, Bajamushe daga Baden, kyaftin ɗin igwa na Ohio, ya tare harin sojojin Kudu a Chancellorsville ranar 2 ga Mayu 1863, amma sai 1893 aka ba shi Medal of Honor, lambar jarumta mafi girma ta sojan Amurka. Ka gwada bayanin lambar da rahoton da kwamandansa ya rubuta a kwanakin yaƙin. Ka kuma tabbatar sunan bai shiga cikin sunaye 911 da aka soke daga jerin masu wannan lamba a 1917 ba.