Kafin Ka Biya Kuɗin Gidan Motsa Jiki, Sayi Tukunya: Shawara ga 'Yan Kano Sababbin Zuwa Ingila

Idan mutum zai tashi daga Kano zuwa karatu ko aiki a waje, shawara ba ta yi masa kaɗan. Wannan ya ce ya sayi rigar sanyi a Ƙofar Wambai, wancan ya ce kada ya bar takardunsa a cikin babbar jaka, Hajiya ta ƙulla masa kuka da daddawa da yaji, Malam ya ja masa kunne a kan salla. Maganar tumbi kuwa babu mai tayar da ita. Sai bayan wata shida ya turo hoto ta WhatsApp, 'yan gida su yi ta cewa Masha Allah, ƙasar ta karɓe shi, ya yi fari ya yi ɓulɓul. Shi kaɗai ya san wandon da tela ya ɗinka masa kafin tafiya ya daina rufuwa. Daga nan sai ya je ya yi rajista a gidan motsa jiki, a riƙa cire masa kuɗi daga asusu duk wata, ya yi ta zufa a kan injin gudu, sikeli kuma ya ƙi motsi.

Ƙannena, ga maganar a fili: abin da ke shiga baki shi ke sa ƙiba, shi kuma ke sauke ta. Motsa jiki yana da nasa aikin, babba ma kuwa, amma idan ka ɗora masa sauke tumbi shi kaɗai za ka sha wahala ka yi fushi da shi a banza.

Lissafin ba shi da wuya. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700; kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wanda jiki ke ƙonawa. Mutum mai nauyin kilo 70 idan ya yi tafiyar sauri ta awa guda, abin da zai ƙona bai wuce kalori 250 zuwa 300 ba. Ke nan sai ya yi kusan wata guda yana wannan tafiya kullum, ba fashi, kuma bai ƙara ko loma ɗaya a kan abin da ya saba ci ba, kafin kilo ɗaya ya sauka. Yanzu dubi ɗaya ɓangaren. Gwangwanin Coca-Cola mai mililita 330 yana da kalori 139 da sukari giram 35, wato kusan ƙaramin cokali tara. Gwangwani biyu sun cinye tafiyar awa guda, kuma shan su ba ya ɗaukar minti biyar. Babban cokali ɗaya na mai, na gyaɗa ne ko na zaitun ko manja, kalori wajen 120 ne, don kowane giram na mai yana da kalori 9, yayin da sitaci da furotin ke da 4. Wanda ya malala cokali uku a kan shinkafa da wake ya zuba abin da tafiyarsa ta yau ba za ta biya ba.

Akwai kuma abin da jiki ke yi a ɓoye. Mafi yawan kalorin da muke ƙonawa a yini, wajen kashi 60 zuwa 70 cikin 100, yana tafiya ne a aikin da ba mu gani: bugun zuciya, numfashi, aikin hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa, ko kana kwance. Motsa jiki ƙaramin yanki ne a kan wannan. Sannan jiki halin ɗan kasuwar Kwari gare shi, idan ya ga kuɗi na fita ta wata ƙofa sai ya tsuke wata. Ka dawo daga gudu yunwa ta ƙaru, ka wuni a kujera saboda gajiya, ka kuma ce wa kanka ai yau na yi ƙoƙari, bari in saka wa kaina da ɗan abin daɗi. A 2012 wani masani ɗan Amurka, Herman Pontzer, da abokan aikinsa sun auna 'yan ƙabilar Hadza na Tanzaniya, mafarauta masu wuni suna yawo a daji, suka tarar kalorin da suke ƙonawa a yini bai bambanta sosai da na mazauna biranen Turai da Amurka ba idan an yi la'akari da girman jiki. Masana na ta muhawara a kan iyakar wannan sakamako, amma ya isa ya nuna cewa jiki ba ya barin ƙofar fita a wangale.

Abin da ya fi gamsar da ni ma ba binciken ba ne. Ɗalibin da ya je Landan ko Mancesta yakan fi tafiyar ƙasa fiye da yadda yake yi a Kano. A nan gida, daga Kabuga zuwa tsohuwar jami'ar Bayero ma adaidaita sahu muke tarewa, rana ba ta barin mutum ya taka. A can kuwa sai ka taka zuwa tashar bas, ka hau matakalar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ka ɗauko kayan cefane a hannu har ɗaki. Tafiya ta ƙaru, ƙiba kuma ta ƙaru. To ina matsalar take in ba a faranti ba? Waɗanda suka tafi Saudiyya ko wasu biranen Amurka, inda ba a zuwa ko'ina sai da mota, su abin ya haɗe musu biyu.

Sabon zuwa abu na farko da yake nema shi ne halal, kuma halal mafi arha da kusa shi ne shagon soyayyar kaza da soyayyen dankali, da lemon gwangwani a kai. Halal ne, ba musu, amma halaccinsa bai rage masa mai ba. Ga kantunan da ke haɗa maka burodi mai haɗi da ƙunshin dankalin leda da abin sha a farashi ɗaya, abincin ranar ɗalibai da ma'aikata ke nan. Ga cakulan da biskit da ayis kirim, waɗanda a gida sai an yi baƙo ko an yi albashi, a can kuwa suna bakin wurin biyan kuɗi suna kallonka. Wanda ya samu aikin dare a gidan kula da tsofaffi ko a sito yana cin abinci ƙarfe uku na dare don ya kori barci, kuma ƙarancin barci kansa yana ƙara wa mutum kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Sai babban abin da ba a faɗa: kewa. A gida tire ɗaya ake sa wa mutum huɗu, hannu na haɗuwa da hannu, kunya ma ta hana ka wuce iyaka. A can kai kaɗai ne da tukunya da kwamfuta, ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba gari ya yi duhu, ba majalisa, ba mai sallama. Mutum sai ya riƙa buɗe firij ba don yunwa ba.

Kada kuma wani ya ce ai abincin Turawa ne kawai, namu ba ruwansa. Malmala uku ta tuwon shinkafa da miyar da mai ke iyo a kanta ba ta da wani sassauci. Shayi mai kauri irin na teburin mai shayi, madara da Milo da sukari cokali huɗu, shi kaɗai abinci ne. Zoɓo da kunun zaƙi da lemon malt da muke ɗauka kamar na ƙarin jini, duk sukari ne a narke, kuma abin da aka sha ba ya ƙosar da mutum yadda abin da aka tauna ke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato wajen giram 50 ga babba, in ya yi ƙasa da giram 25 ya fi. Gwangwani ɗaya na lemo ya riga ya wuce giram 25 ɗin.

Don haka kuɗin watanka na farko, sa shi a tukunya da wuƙa da robobin ajiye abinci. Shagunan 'yan Pakistan da Bangaladesh da na 'yan Afirka suna da wake, kuɓewa, attaruhu, garin semo da naman halal, manyan kantuna kuma suna da daskararren alayyahu da kabeji da karas a farashi mai sauƙi. Ware rana ɗaya a mako ka yi miya da yawa ka rarraba a robobi, don ranar da ka dawo a gajiye ita ce ranar da shagon kaza ke cin nasara. Auna mai da cokali, kada ka tuntsura kwalba a kan tukunya. Rabin faranti ya zama ganye, kwata nama ko kifi ko ƙwai ko wake, kwata tuwo ko shinkafa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kwaɗon zogale da na rama da faten wake da alayyahu duk a kan wannan tsari suke, mu ne muka mayar da su abincin marasa hali. Zuba a faranti ka rufe tukunya kafin ka zauna. Hadisin nan da kowa ya haddace, na kason ciki uku, ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, ya fi sauƙin aiki idan tukunyar ba ta gabanka. Wani ɗan tsokaci ga masu shirin tafiya: kuka da kuɓewa busasshiya da yaji ba su da matsala galibi, amma dokar Birtaniya ta hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashe irin namu, saboda haka kilishi da dambun nama da man shanu a cinye su a gida.

Koyi karanta jikin kwali. Kayan abinci da yawa a Ingila suna da alama mai launi uku a gaba: ja na nufin mai ko sukari ko gishiri ya yi yawa, ruwan ɗorawa tsaka-tsaki, kore kaɗan. Tun Afrilun 2022 kuma manyan gidajen abinci a Ingila dole su rubuta kalorin kowane abinci a jerin abincinsu. Ka duba sau biyu sau uku, za ka daina mamakin inda tumbin ya fito. Rage wajen kalori 500 zuwa 600 a yini ya isa ya sauke rabin kilo a mako, kuma ga mutane da yawa barin lemo da rage mai da sukarin shayi kaɗai ya kusa kai su can, ba sai sun kwana da yunwa ba.

To motsa jikin fa, a bar shi? Ko kusa. Yana rage hawan jini, yana taimaka wa jiki sarrafa sukari, yana gyara barci, kuma a watannin duhun nan yana ɗebe damuwa fiye da yadda za ka zata. Mai rage abinci ba ya motsi yakan zubar da tsoka tare da kitse, ya rame ya yi laushi. Sannan wajen hana ƙibar dawowa, a nan motsa jiki ya fi nuna kansa. A Amurka akwai wata rajista da aka buɗe a 1994 ta mutanen da suka sauke aƙalla kilo 13 suka kuma riƙe hakan shekara guda ko fiye, kuma mafi yawansu suna motsa jiki kusan awa ɗaya kullum, yawanci tafiyar ƙasa ce kawai. Wani babban bincike da aka fitar a can a 2002 ya nuna masu hatsarin kamuwa da ciwon suga da aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, hatsarin ya ragu da kashi 58 cikin 100. Wanda ya san yadda ciwon suga da hawan jini suka cika gidajenmu a Kano ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Minti 150 ɗin nan shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so ga babba a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka, kuma ba sai ka biya ko sisi ba. Sauka daga bas kafin tasharka, bar lif ka bi matakala. Akwai parkrun, gudun kilomita 5 kyauta duk Asabar da safe a wuraren shaƙatawa, an fara shi a Landan a 2004, kuma mai tafiya a hankali ma ana maraba da shi. Hukumar lafiya ta NHS tana da manhajar Couch to 5K da ke ɗaukar wanda bai taɓa gudu ba ta kai shi ga gudun kilomita 5 cikin mako tara. Masu taka leda su tambaya a masallacin unguwa, da wuya a rasa matasan da ke haɗuwa su buga. Ke kuma 'yar'uwa, wuraren motsa jiki da na ninƙaya da dama a unguwannin da Musulmi ke da yawa suna ware sa'o'in mata zalla, ki tambaya, kada ki zauna a ɗaki don kunya.

Wajen awo, sikelin can na iya ba ka lissafi da abin da suke kira siton, kowane ɗaya kilo 6.35 ne, sai ka juya shi zuwa kilo. Ka kuma sani cewa ga baƙar fata hukumomin lafiyar Ingila sun sauke ma'aunin BMI, wato lissafin da ke gwada nauyin mutum da tsawonsa: ƙiba na farawa daga 23 maimakon 25, mai tsanani daga 27.5 maimakon 30, saboda ciwon suga yakan kama mu a nauyin da bai kai na Turawa ba. Wanda ya fi sauƙi shi ne tef ɗin tela. Auna cikinka daidai wajen cibiya, kada ya kai rabin tsawonka. Mai tsawon santimita 170, cikinsa ya tsaya ƙasa da 85.

Azumi ba ya sauke ƙiba don kansa, duk mun ga masu fitowa daga Ramadan sun fi yadda suka shiga, albarkacin soye-soyen buɗa-baki da ake jerawa a masallatai da gidajen 'yan'uwa. Shayin rage tumbi da ake tallatawa a Instagram da TikTok kuwa, da yawansu ganyen sa gudawa ne a ciki, ruwan jiki suke zubarwa, kwana biyu ya dawo. Yi rajista da likitan unguwarku tun makon farko, kyauta ne, kada ka jira sai ciwo ya zo. Idan akwai mai ciwon suga ko hawan jini a gidanku ka faɗa masa ya duba ka, kuma wanda ya riga yana shan maganin suga kada ya rage abinci sosai sai ya yi shawara da shi, don sukarin jini na iya faɗuwa ƙasa da kima. Ka tambaye shi har da batun bitamin D, domin NHS na ba masu baƙar fata shawarar shan maikirogiram 10 a kullum duk tsawon shekara, ranar can ba ta isar fatarmu.