Kurakuran da ke cinye maki a Fantasy na Firimiya da yadda ake gyara su

Sau da yawa wanda ya fi kowa sanin ƙwallo a majalisa shi ne za ka tarar a ƙasan teburin Fantasy na abokai. Ya san tarihin kowane kulob, ya san wanda aka sayo daga ina da kan nawa, amma makinsa ba ya tashi. Dalilin shi ne Fantasy Premier League wasan lissafi ne da haƙuri, kuma yana da dokokinsa da ba su da ruwa da wanda ya fi burge 'yan kallo a fili. Ana ba ka fam miliyan 100 na wasa ka sayi 'yan wasa 15: gola 2, 'yan baya 5, 'yan tsakiya 5, 'yan gaba 3, ba fiye da mutum 3 daga kulob ɗaya ba, sannan ka lallaɓa su har mako 38. Yawancin makin da ake asara a cikin waɗannan makonni, mutum da hannunsa yake zubar da su.

Ragin maki huɗu

Nan ne babbar ɓaraka take. Kowane mako ana ba ka canji ɗaya kyauta, duk wanda ka ƙara a kai kuma za a cire maka maki 4. Mutum zai ga wani ɗan wasa ya ci biyu ranar Asabar, kafin dare ya sayar da nasa ya sayo shi, ya ƙara da wani canjin, ya ce ai maki huɗu ba komai ba ne. To ga lissafin. Ɗan wasan da ka sayar, ko bai yi komai ba, in dai ya buga minti 60 zai kawo maka maki 2. Ke nan sabon da ka sayo da ragi sai ya kawo 6 kafin ka dawo inda kake, sai ya kawo 7 kafin ka ci ribar maki ɗaya tak. Ɗan gaba da ya ci ƙwallo ɗaya yana da 6 ne, in ba a ƙara masa makin bonas da ake ba waɗanda suka fi taka rawa a wasan ba. Wanda ya yi irin wannan sau goma a kaka ya zubar da maki 40, kusan abin da ake samu a mako guda cur.

Kuma makin da wancan ɗan wasan ya ci jiya ya riga ya wuce, ba a biyan ka su. Abin da kake saya shi ne wasanninsa na gaba. Don haka kafin ka taɓa kowa, buɗe jadawalinsa ka duba wasa biyar ko shida masu zuwa. Shafin wasan yana ba kowace karawa lamba daga 1 zuwa 5 gwargwadon wahalarta. Sannan ka duba alƙaluman xG, wato ma'aunin ingancin damar da ɗan wasa ke samu. Wanda ya ci biyu daga shot biyu na nesa, da wuya ya maimaita. Wanda kuma yake samun dama a cikin yadi na 18 kowane mako bai ci ba tukuna, ƙwallayensa suna hanya, kuma shi ne mutane ke sayarwa cikin fushi ana gobe zai fara ci.

Tun kakar 2024/25 ana iya tara canjin kyauta har guda 5. Wannan ya sauya wasan sosai, amma har yanzu da yawa suna jin kamar in mako ya wuce ba su yi canji ba sun yi asara. In tawagarka ba ta da matsala, bar ta. Canji uku da ka tara suna ba ka damar sayar da mai tsada ɗaya ka gyara gurbi uku a lokaci guda ba tare da an cire maka ko maki ɗaya ba. Ragi yana da wurinsa: idan ba za ka iya fitar da mutum 11 masu bugawa ba, ko ɗan wasanka ya ji raunin da zai ɗauke shi wata guda, a nan ka biya huɗun da zuciya ɗaya.

Gaggawar yin canji tun daren Lahadi ita ma tana da nata ciwon. Tsakanin Lahadi da Asabar akwai gasar Zakarun Turai ranar Talata da Laraba, da Europa ranar Alhamis, ga atisaye, kuma a kowannensu mutum na iya jin rauni. Masu horarwa suna ganawa da 'yan jarida galibi Alhamis ko Juma'a, a nan ake jin wa ya warke wa bai warke ba. Jira ka ji. Abin da ke sa mutane gaggawa shi ne tsoron tashin farashi, alhali ribar ba ta kai yadda ake zato ba, domin rabinta kawai ake ba ka, kuma ana yanke ɓurɓushin. Ka sayi ɗan wasa a fam miliyan 7.5 ya tashi zuwa 7.8, in za ka sayar 7.6 za a ba ka. Sai dai in 0.1 ɗin nan shi ne zai hana ka sayen wanda kake so gaba ɗaya, wannan kam dalili ne na yin wuri.

Minti kafin suna

Ɗan wasan da ba ya fili ba ya kawo maki, komai sunansa. Wanda aka cire a minti na 59 maki 1 gare shi, kuma in ɗan baya ne ya rasa maki 4 na hana cin ƙwallo ko da kulob ɗinsa ya tashi ba a zura masa ba. Wanda aka cire bayan minti 60 ba a ci su ba kuwa, makinsa sun tabbata ko da an ci su daga baya. Saboda haka ka duba mintocin ɗan wasa a wasa shida na baya kafin ka duba ƙwallayensa. Manyan kulob masu buga gasa huɗu suna juya 'yan wasa, Guardiola ya yi suna a kan haka, kuma ɗan tsakiya na matsakaicin kulob da ke buga minti 90 kullum, yana buga fenariti da kwana, ya fi tauraron da ke shigowa a minti na 70 amfani.

Ka kula da tutocin da ake sa wa 'yan wasa a manhajar, masu nuna yiwuwar su buga wasa na gaba: 75, 50, 25 cikin ɗari, ko ja. Ka kuma ƙirga katin gargaɗi, domin wanda ya tara 5 a cikin wasa 19 na farko na kulob ɗinsa za a dakatar da shi wasa ɗaya. Ɗan baya mai kati huɗu a watan Nuwamba, sayensa kasada ce.

Son kulob shi ma yana shiga nan. Magoyin United ya ƙi sayen ɗan Liverpool, magoyin Arsenal ya cika gurbinsa uku da 'yan Arsenal ko suna da City da Chelsea a jere. A kakar 2024/25 Mohamed Salah ya ci ƙwallo 29 a Firimiya, ya tara maki 344, adadin da ba a taɓa samu ba a wasan. Duk wanda ya ƙi shi a waccan kakar saboda adawa, tun kafin Kirsimeti an bar shi a baya. Ka so kulob ɗinka a gidan kallo, amma a manhaja ka sayi mai kawo maki.

Akwai kuma rashin sanin yadda aka raba makin. Ƙwallon ɗan gaba 4 ce, ta ɗan tsakiya 5, ta ɗan baya 6, bayar da ƙwallon da aka ci kuma 3 ga kowa. Ɗan tsakiya yana da ƙarin maki 1 in ba a ci kulob ɗinsa ba. Shi ya sa ɗan wasan da aka rubuta a tsakiya amma a fili gaba yake bugawa ya fi komai daraja, kuma haka Salah yake a kakar 2024/25. A kakar 2025/26 an ƙaro makin aikin tsaro: ɗan baya da ya haɗa 10 na share ƙwallo, tare shot, katse fasin da ƙwace ƙwallo a wasa ɗaya yana samun maki 2, ɗan tsakiya ko na gaba kuma sai ya haɗa 12, amma shi ana lissafa masa har da ƙwallon da ya tsinto. Ɗan baya na fam miliyan 4.5 da ya buga minti 90, ba a ci su ba, ya cika goman nan, yana da 8. Ya wuce ɗan gaban da ya ci ƙwallo ɗaya. Dokoki suna ɗan sauyawa kusan kowace kaka, don haka karanta shafin ƙa'idoji a watan Yuli kafin ka sayi ko mutum ɗaya.

Kyaftin da benci

Makin kyaftin ninki biyu ne, don haka wannan shawara ɗaya ta fi duk canjin da za ka yi a mako nauyi. Kuskuren shi ne neman bambanta da kowa tun farkon kaka, a ba wani ɗan wasa da ba a zata ba kambun don a burge abokai. Ba wa wanda ya fi yiwuwar cin ƙwallo, mai buga fenariti, musamman in a gida yake da ƙaramin kulob. Kasada sai a makonnin ƙarshe, in kana bin wani a baya da maki masu yawa.

Mataimakin kyaftin yana karɓar ninkin ne kawai in kyaftin bai buga ko minti ɗaya ba. In ya shigo a minti na 88, maki 2 za ka tashi da su, shi ke nan. Saboda haka kar ka ba mai tutar rauni kambun kana cewa ai akwai mataimaki. Kuma kar ka ɗauki su biyun daga wasa ɗaya, domin in aka ɗage wasan ka rasa duka.

A benci mutane kashi biyu ne: masu zuba kuɗi da yawa, da masu cika shi da waɗanda ba sa taɓa bugawa. Tsakiya ita ce daidai. Gola na 4.0, 'yan baya biyu na 4.0 da ɗan tsakiya na 4.5 sun kama 16.5, ya rage maka 83.5 na sha ɗayan farko. Amma aƙalla biyu daga cikinsu su zama masu bugawa a kulob ɗinsu. Ka kuma jera su da kyau kowane mako, domin manhajar daga na farko take ɗauka, sai dai in tsarin zai karye: dole a samu gola ɗaya, 'yan baya aƙalla 3 da ɗan gaba aƙalla 1. In 'yan baya uku ka fitar ɗaya bai buga ba, ɗan baya ne kawai zai maye gurbinsa, ko da ɗan tsakiyarka na benci ya ci biyu.

Agogo

Ana rufe canji minti 90 kafin wasan farko na makon. Wasan 12:30 na rana a Ingila yana nufin rufewa da 11:00 nasu. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogon Ingila ɗaya yake da na Najeriya da Nijar, daga nan kuma sai mu riga su da awa guda, rufewar ta koma 12:00 a wurinmu. Mutanen Ghana nasu akasin haka ne, a lokacin sanyi suke daidai da Ingila. Abin da ya fi kama mutane shi ne makon da ke farawa daren Juma'a ko ranar Talata. Ka saita tawaga da kyaftin tun farkon mako, ka danna ajiyewa, sannan ka gyara daga baya. Wanda ya bari sai saura minti biyar, ranar ce netwok zai ƙi ko data ta ƙare.

Katunan musamman kuwa, Wildcard (canji ba iyaka ba tare da ragi ba), Free Hit (irin wannan canjin amma na mako ɗaya kawai), Bench Boost (a lissafa har makin 'yan benci) da Triple Captain (makin kyaftin ninki uku), ɗaya kawai ake bugawa a mako. A 2025/26 an ba da kowanne sau biyu, kuma na zagayen farko suna mutuwa a mako na 19, don haka ɓoye su ya zama asara. Na zagaye na biyu ka ajiye su don ƙarshen kaka, lokacin da kofin FA da na Carabao ke sa a ɗage wasanni, wasu kulob su rasa wasa a mako ɗaya su buga biyu a wani. Free Hit na makon da 'yan wasanka da yawa ba su da wasa ne, domin bayan makon tawagarka ta da take dawowa. Bench Boost da Triple Captain na makon wasa biyu ne. Wildcard in ka tabbatar da shi ba ya soke, don haka kar ka danna shi daren da aka ba ka haushi. A shekarar gasar cin kofin Afirka kuma, irin wadda aka fara a Maroko ranar 21 ga Disamban 2025, ƙirga 'yan Afirkanka makonni uku kafin a tafi, ka fara rage su ɗaya bayan ɗaya.

Wasan na hukuma kyauta ne. Inda abokai suka ce kowa ya zuba kuɗi na ɗaya ya kwashe, ya zama caca, kuma a nan ake ganin ragin maki takwas da sha biyu na neman ramuwa, da gaba tsakanin mutanen da suka taso tare.

Masu leƙa wasannin Fantasy na Amurka a shafukan ESPN ko Yahoo su san tsarin daban ne. Can ana zaɓen 'yan wasa ne bi da bi, wanda wani ya ɗauka ya fita daga hannun kowa, don haka rashin halartar ranar zaɓen yana nufin kwamfuta ce za ta zaɓa maka. A ƙwallon Amurka kowane kulob yana da makon hutu guda, sai ka duba kar manyan 'yan wasanka su huta tare. A besbol kuma kowane kulob wasa 162 yake bugawa, yawancin gasanni kullum ake jera tawaga, kuma wasan 7 na yamma a New York 12 na dare ne a Kano. Jera taka da la'asar, ka tabbatar mai jifan da ka sa ranar aikinsa ce, domin masu fara jifa kusan sau ɗaya suke fitowa a kwana biyar.