Yadda Za Mu Rage Yaɗuwar Mura Da Korona A Unguwa Lokacin Hunturu

Da zarar hunturu ya kankama, sai ka ji tari ya cika sahun sallar asuba, daga liman har ladan. Mukan ce sanyi ne ko ƙura. Ƙura tana busar da hanci da maƙogwaro, gaskiya ne, amma ba ita ke haifar da mura ba. Ƙwayar cuta ce da ke fita tare da numfashi, tari da atishawa, ta shiga na kusa. Korona ma hanyarta ke nan. A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta fita daga matakin gaggawa, ba ta ce ta ƙare ba. Wanda ya ga yawan jana'izar dattawa a Kano a watan Afrilun 2020 ya san wa cutar nan ta fi kayarwa. Saboda su nake wannan rubutu.

Mataki na farko, a buɗe taga. Nan ne muka fi sakaci. Sanyi na sauka sai mu rufe ƙofa, mu toshe taga da tsumma, mutum bakwai a ɗaki ɗaya, wani lokaci har da kaskon gawayi. Idan ɗaya yana da mura, iskar da ya fitar ita sauran za su kwana suna shaƙa. A bar taga ɗaya a buɗe ko da faɗin tafin hannu ne, a ƙara bargo. Da safe a buɗe ƙofa da tagogi duka, iska ta ratsa. Gawayi kuwa a fitar da shi kafin a kwanta, domin hayaƙinsa a rufaffen ɗaki yana kisa ko babu wata mura. Haka za a yi a masallaci, da ajin Islamiyya, da shagon tela. Zaman suna ko na makoki, in da hali a shimfiɗa tabarma a tsakar gida ko a ƙofar gida maimakon a cunkushe a falo.

Na biyu, mai zazzaɓi da tari ya zauna a gida. Wannan ya fi wuya, na sani. Mai neman na cefane kullum ba ya iya rufe shago, kuma mutum yana jin nauyin a ce ba a gan shi a jam'i ba. To amma malamai sun yi bayani cewa rashin lafiya uzuri ne. A zauna har zazzaɓi ya sauka, ya yi kwana ɗaya cur bai dawo ba kuma ba don an sha magani ba. In fita ta zama dole, a sa takunkumi, musamman a cikin A Daidaita Sahu ko motar haya. Maƙwabta su ma suna da rawar takawa: a aika masa da kunu, a riƙe masa shago na yini biyu. Yaro mai zazzaɓi kada a tura shi makaranta.

Na uku, a rufe baki da hanci. An ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) in zai yi atishawa yakan rufe fuskarsa da hannu ko mayafi. A yi a cikin hankici ko a lanƙwasar hannu, kuma a daina tofar da majina a bakin hanya.

Na huɗu, sabulu. Muna alwala sau biyar, alhamdulillahi, amma ruwa zalla ba ya yin aikin sabulu. A cuɗa hannu har tsakanin yatsu na tsawon daƙiƙa 20. Kwamitin masallaci zai iya ajiye bokiti mai famfo da sabulun wanki a wurin alwala. Moɗar randa da kowa ke kafa wa baki, a ware wa mara lafiya tasa.

Na biyar, a kare tsofaffi. Ni da idona na ga yadda ake yi a gidanmu: jika yana fama da majina, sai a ce "kai shi ɗakin Hajiya ya kwanta", don uwar ta samu ta yi girki. Kwana uku yaron ya warke yana guje-guje, Hajiya ta yi sati biyu a kwance. Tsoho, mai ciki, jariri, mai ciwon suga, hawan jini ko asma, su ne muran da ke wuce wa matashi take kayarwa. Mai tari ya gaishe su daga bakin ƙofa. A kuma tambayi ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi na unguwa game da allurar rigakafin da ta dace da su.

Na shida, a daina sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta, wato antibayotik, a kemis don mura. Ba ya taɓa irin wannan ƙwayar. Abin da ake bukata hutu ne, da ruwa mai yawa, da farasitamol don zazzaɓi. Yara kuwa kada a ba su asfirin. Tunda zazzaɓin cizon sauro yana kama da mura a farkonsa, a je a yi gwajin jini, minti kaɗan ne.

Akwai alamun da ba a jira gari ya waye a kansu: numfashi da ƙyar, ciwon ƙirji, ruɗewa, ko yaro ya kasa shan nono, haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja numfashi. A nufi asibiti nan take. In kuma aka ga gidaje da yawa sun kwanta lokaci guda, mai unguwa ya sanar da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma, ko a kira hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, a 6232, kyauta ne.