Dabarar shuka prosopis don inuwa a tsakar gida

Ƴan uwa, in za ku shuka prosopis, ɗan uwan ƙirya mai ƙaya da aka kawo daga nahiyar Amurka, kar ku sa iri a ƙasa haka kawai.

Tafasa ruwa, a sauke daga wuta, a zuba irin ciki ya kwana. Da safe a shuka waɗanda suka kumbura.

Ɓawon irin tauri gare shi, ruwa ba ya ratsa shi, shi ya sa yake daɗewa bai tsiro ba. Ruwan zafi ne ke buɗa shi. Cikin akuya ma haka yake yi wa irin in ta ci ƴaƴan itacen: ku duba inda ake ɗaure jar akuyarmu ta Maradi, bayan ruwan farko za ku ga tsiro cikin kashinta. Nawa can na samo, ko dala ban kashe ba.

In ya tsiro, a dasa a watan Yuli, damina ta yi muku ban ruwa. Rassan ƙasa a riƙa datse su, in ba haka ba ƙaya za ku samu, babu inuwa.

Amma don Allah, a nisanta shi da rijiya, shadda da gindin katanga. Saiwarsa ruwa take bi. A fadamar Gulbi kuwa kar a kai shi, yaɗuwa zai yi ya cinye gona.